Tambaya da Amsa: 'Yan fararen abubuwa kamar shinkafa a gefen tsutsar hatsi, mi ne ne?

Assalamu alaikum masu karatu, ina gajiya, yaya ruwa. Wanga karo saƙonni huɗu na ware daga cikin waɗanda sunka shigo, uku daga nan jihar Tawa ɗaya daga Yamai, don na lura duk kan abu guda suke, wato ƙananan zanzaron da ke kashe ƙwari masu ɓarna, ko da masu su ba su san juna ba. Na farkon shi zai ci mana wuri, ku yi haƙuri, don in an gane shi sauran ba su da wuya.

TAMBAYA, daga wani dattijo manomi a wajen Illela: Salamu alaikum malam, Allah shi ƙara basira. Bara murzuna, tsutsar nan mai cin zangarniya, ta gama muna da hatsi, gonar da nike ɗaukar dami arba'in da ƙyar ta ba ni sha biyar. Bana da hatsi ya fara fidda kai malamin gona ya zo da wasu 'yan buhunna na algarara anka rataya ga itace bakin gonaki, ya ce wai akwai ƙwaro ciki mai kashe murzuna. Bayan kamar sati uku na duba zangarniya na iske tsutsa kwance ta yi laushi ba ta motsi, ga wasu 'yan fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa kewaye da ita. Ɗana ya ce ƙwan murzuna ne mu cire mu ƙone. Shin gaskiya tai? Kuma ni dai hankalina bai ɗauka ba, ƙaƙa ƙwaron da bai kai ƙuda ba zai kashe tsutsa wadda ta fi shi girma nesa ba kusa ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana. Don Allah kar a ƙone, ko guda. Abin da kuka gani ba ƙwan murzuna ba ne, 'ya'yan wanda ya kashe ta ne ke kwance cikin saƙarsu suna jiran su yi fiffike, kowace farar ƙwaya ɗaya da kuka ƙone kun ƙone ma'aikaci guda da zai shiga gonarku ya yi muku aiki kyauta.

Ƙwaron da ke cikin buhun nan ɗan'uwan zanzaro ne da rina da zuma, dangi guda suke, sai dai shi ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa kamar milimita 2 zuwa 3, masana na ce masa Habrobracon hebetor, ni dai ƙaramin zanzaro nake ce masa. Macen ce ke duk aikin. Tana bin zangarniya tana shinshina ramin da murzuna ta yi, wanga rami da ke kewaya zangarniya kamar an naɗa igiya, in ta iske tsutsar sai ta lanƙwasa gindi ta soka mata ƙari ta zuba dafi. Ba kashe ta take yi nan take ba, nan hikimar take, shanye mata jiki kawai take yi, tsutsar na da rai amma ba ta ci ba ta motsi ba ta ƙara girma. Ku duba fa Baba, in anka yanka akuya a zafin Tawa anka bar naman kwana biyu ai kun san abin da zai zama, to ita uwar nan ba ta da firigo kuma ba ta da gishirin yin kilishi, dabararta ita ce ta bar naman da ransa don kar ya ruɓe kafin 'ya'yanta su ci. Daga nan sai ta jera ƙwai a bayan fatar tsutsar, daga waje, in tsutsar babba ce ta sa da yawa in ƙarama ce ta rage, kamar dai uwargida mai auna tuwo da yawan bakin da za su ci.

Kwana ɗaya ko biyu ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yan tsutsotsi mitsi-mitsi marasa ƙafa su kafa baki a fatar murzuna su yi ta tsotso. Na taɓa zama da gilashin ƙara girma ina kallonsu a wani ɗan kwano da wani malamin gona ya nuna min, wallahi da safe kamar ɗigon ruwa suke a jikin tsutsar, washegari sun kumbura sun yi sheƙi kana hango abin da sunka sha yana motsi cikin cikinsu, ita kuma murzuna ta fara motsewa kamar salka da ruwa ya ƙare. Kwana kamar uku sun gama, sai su ja gefe kowa ya saƙa wa kansa ɗan farin gida na zare, shi ne shinkafar da kuka gani, cikinsa suke canza kama su fito da fiffike. Daga ƙwai zuwa balaga a irin zafinmu kwana 8 zuwa 12 ne. To ku lissafa, murzuna sau ɗaya tak take haihuwa a shekara, in ta ƙoshi ta sauka ƙasa ta shige cikin rairayi ta kwana can duk rani sai wata damina, shi kuwa wanga cikin wata guda ya yi 'ya'ya ya yi jikoki. Kuma uwar na harbin tsutsotsi fiye da waɗanda take sa wa ƙwai, wasu ta lashi ruwan jikinsu kawai ta wuce, su ma sun gama cin hatsi ke nan. Wannan ita ce amsar yadda ƙarami ke kada babba.

Abin da ke cikin buhun kuwa ba wani sirri ba ne: ɗan hatsi da gari, tsutsotsi 25 na wani malam-buɗe-littafin dare mai ɓarna a rumbu da buhunan shinkafa, Corcyra sunansa, da mata biyu na zanzaron waɗanda sunka riga sunka sadu da namiji. Ciki suke haihuwa, 'ya'yan su riƙa sulalewa ta ramukan algarara suna bazuwa gonaki, daga kamar kwana takwas har wajen sati uku. Buhu 15 ake sa wa gari guda. Aikin ya kankama tun 2006 a Nijar da Mali da Burkina, a nan gida masu bincike na cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, reshen Maraɗi ne sunka ɗauke shi, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua, tare da cibiyar ICRISAT ta Sadore kudu da Yamai. Kuma ba daga waje anka kawo ƙwaron ba, ɗan ƙasa ne, dama can yana gonakinmu, matsalarsa ita ce rani na cinye shi don ba tsutsar da zai haihu a kanta, in damina ta zo kafin ya yi yawa murzuna ta riga ta yi ɓarnarta. Buhun taimakonsa ake yi ya riga ta. Ni abin da ya fi burge ni shi ne uwar da ta girma a kan tsutsar rumbu 'yarta ta je ta haihu a kan tsutsar zangarniya, ta ma yarda da tsutsar da ke huda tumatir, ba duka danginta ke da wannan sauƙin kai ba kamar yadda za ku gani a ƙasa.

Ku gaishe min da yaron, bai yi laifi ba, ido ne ya yi masa daidai fassara ce ta kuskure. Ku nuna masa ƙwan murzuna na gaskiya, ƙanana ne ƙwarai a liƙe tsakanin furen zangarniya lokacin da take fitowa, ba su da zare ko kaɗan.

TAMBAYA, daga wata malamar lakwal a Yamai: Malam ina da 'yar garka a bayan gida ina shu da yakuwa da ɗan wake. Na ga darɓa a ganye, amma cikinsu wasu sun kumbura sun bushe sun koma kalar ƙasa, wasu ma da ɗan rami a baya kamar an huda da allura. Wata sabuwar cuta ce? Kuma a ganyen shu na ga farin abu guda ɗaya kusa da matacciyar tsutsa.

AMSA: Malama barka da ƙoƙari, garkarki na da lafiya, alama ce mai kyau kika gani. Su ma ƙananan zanzaro ne, amma nasu salon daban yake da na Baba na Illela, waɗannan a CIKIN jikin ƙwaron suke girma ba a bayansa ba. Uwar na zuwa ta soka wa darɓa ƙwai guda ɗaya cikin ƙiftawar ido ta wuce, darɓar ta ci gaba da tsotson ganye kamar ba abin da ya faru, ɗan na cikinta yana ci a hankali, sai ya kusa gamawa ya cinye sauran, ya liƙe fatar a ganye ya mai da ita ɗakinsa. Shi ne busasshen nan mai kalar ƙasa. In ya yi fiffike sai ya yanka ƙofa zagayayya a baya ya fita, wani lokaci har murfin za ki gani a rataye. Sati biyu ko ƙasa da haka an gama. Darɓa ɗaya ɗa ɗaya, don gidan ba ya ɗaukar biyu.

Girma a ciki fa ba ƙaramin yaƙi ba ne, nan nake son ki tsaya ki duba don ɗalibanki za su ji daɗinsa. Tsutsa ma tana da sojojin jini kamar mu, in baƙon abu ya shiga jikinta sukan taru su lulluɓe shi su shaƙe shi ya mutu. To dangin da ake kira Cotesia, wanda nake kyautata zaton nasu ne kika gani a shu, uwar ba ƙwai kaɗai take zubawa ba, tana haɗawa da dafi da kuma wani birus da jikinta ke ƙerawa, gadonsu ne tun kaka da kakanni, shi ke shiga ya ɗaure sojojin jinin tsutsar su kasa taɓa ƙwan. Su ba sa shanye wa tsutsar jiki, so suke ta yi ta ci tana ƙiba don abincinsu ya ƙaru, kamar wanda ya sayi ɗan rago ya bar shi a turke ana ba shi harawa. Ɗan ya fara da jini da kitse ya bar sassan da rai ke rataye a kansu sai ƙarshe, kuma duk zamansa a ciki ba ya kashi, hanjinsa a toshe yake ta baya sai ya zo shiga saƙa, da yana yi da ya gurɓata gidan ya kashe kansa. Allah mai iko. In ya ƙoshi ya huda fata ya fito ya yi saƙarsa. A ƙaramar tsutsar shu guda ɗaya ke fitowa, a manyan tsutsotsi kuwa wasu irin na Cotesia gomiya-gomiya suke fitowa lokaci guda su tara saƙarsu kamar an yaɓa auduga.

Gaskiyar da zan faɗa miki ita ce, irin waɗannan tsutsar na ƙara cin ganye na 'yan kwanaki kafin ta mutu, amfaninsu ya fi fitowa a zuriya ta gaba wadda ba za a haifa ba. Don haka in darɓa ta yi yawa a wani reshe ki wanke ta da ruwa ko ki tsinke ganyen, amma ganyen da ke da busassun da ba su hudu ba ki bar shi a inuwa cikin garkar har su fita. Ki kuma bar ɗan karas ko albasa su yi fure a gefe, manyan zanzaron ruwan fure suke sha.

TAMBAYA, daga wata Hajiya mai sai da wake a kasuwar Tawa: Malam in na buɗe buhun wake da ya kwana biyu, ban da ƙwaron wake da muka sani ina ganin wasu 'yan baƙaƙe ƙanana masu sheƙi suna tsalle suna tashi. Su ma cin waken suke?

AMSA: Hajiya ina kasuwa, Allah shi ba da sa'a. Ba sa cin wake, ƙwaron waken suke ci. Kin san tsutsar ƙwaron wake a cikin ƙwayar take zaune tana ci a ɓoye, to uwar wanga zanzaro, wanda ya fi yawa ana ce masa Dinarmus, sai ta hau ƙwayar wake tana bubbuga ta da 'yan ƙahonninta kamar mai ƙwanƙwasa tulu a kasuwa ta ji ko da tsaga, in ta ji akwai mai gida a ciki sai ta huda da ƙarinta ta shanye masa jiki ta ɗora masa ƙwai ɗaya. Wato irin salon na murzuna ne, ci daga waje, amma cikin ɗaki a kulle. Akwai ma wani da bai kai rabin milimita ba, Uscana, shi a cikin ƙwan ƙwaron yake girma, farin ɗigon nan da kike gani manne a bayan wake. An daɗe ana bincikensu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki a nan. Uwar ce ke zaɓar ko mace za ta haifa ko namiji. Tana ajiye maniyyin namiji a wata 'yar jaka a cikinta, ƙwan da ta sakar wa maniyyi ya zama mace, wanda ba ta sakar wa ba ya zama namiji, namiji a danginsu ba shi da uba. In ta auna ta ji tsutsar babba ce takan sa mace, in ƙarama ce takan sa namiji, don macen da ta tashi da yunwa tsamurarriya take fitowa ƙwanta kaɗan, namiji kuwa ko ƙarami ne zai yi aikinsa. Ashe girman gidan da ɗa ya tashi ciki shi ke yanke girman jikinsa, da yawan 'yan'uwansa, har da jinsinsa.

Amma Hajiya kar ki dogara da su a harkar kasuwa, suna rage ƙwari ba sa gamawa da su, kuma sai ƙwaron ya riga ya shiga kafin su samu abin yi. Ganinsu da yawa ma alama ce waken ya fara huduwa. Ki shanya shi da kyau ki sa a buhun nan mai leda biyu a ciki, PICS, ki ɗaure kowace leda daban, rashin iska zai gama da ƙwarin ba tare da kin zuba magani a abin da mutane za su ci ba.

TAMBAYA, daga wani saurayi a Madawa: Yaya, kakata ta ce zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗaukowa ya sa a gidansa na laka ta rikiɗe ta zama ɗansa. Haka ne? Sannan waɗannan da ake saki a gona, in sun gama da tsutsa ba za su juyo kan hatsinmu ko su riƙa harbin yara ba?

AMSA: Ƙanena ka gai da kaka, ta lura da kyau, ta ga tsutsa ta shiga ta ga zanzaro ya fito, abu ɗaya ne ya ɓoye mata wato ƙwan. Ka samu gidan zanzaro sabo a bangon zaure ka fasa ɗaki guda a hankali da tsinke, za ka iske tsutsotsi koraye a cushe, ko gizo-gizo, ya danganta da irin zanzaron, ka taɓa su za ka ga suna ɗan motsi don da ransu, ka duba sosai za ka ga ɗan farin ƙwai dogo ko 'yar tsutsa fara tana ci. Guzuri ne uwar ta tara. Bambancinsa da ƙananan shi ne shi yana ɗauko abincin ya kai gida, su kuwa jikin ƙwaron ne gidan.

Maganar juyowa kan hatsi, ka kwantar da hankalinka. 'Ya'yansu ba sa iya cin tsiro ko kaɗan, in ba tsutsa sai su ragu, shi ya sa ma ake sake kai buhu wata damina. Mutum kuma ba ruwansu da shi, ba su da sheƙa balle su yi faɗan kare ta kamar rina. Da yawansu ma ƙwaro iri ɗaya ko 'yan kaɗan kawai suka sani. Ka ɗauki labarin rogo: wani farin ƙwaro mai kamar gari ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka a shekarun 1970 ya tasar wa rogo, masu bincike na cibiyar IITA ta Ibadan ƙarƙashin Hans Herren sunka sa anka kawo ƙaramin zanzaron da ke girma cikinsa can ƙasarsu, Anagyrus lopezi, anka fara sakinsa a 1981, ya bazu ƙasashe sama da ashirin ya danne ƙwaron, yau shekara arba'in da ɗoriya bai koma cin rogo ba.

Akwai kuma masu girma cikin ƙwai kacokan, waɗanda ido ba ya ma gani sosai. Tsutsar masara da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016, wadda ke shiga cikin kunnen masara da dawa, akwai wani Telenomus da ke shiga tarin ƙwanta ya sa nasa ɗaya-ɗaya, ƙwan ya yi baƙi, bayan kamar kwana goma maimakon tsutsa sai zanzaro ya fito. Murzuna ma tana da nata mai shiga ƙwai, Trichogrammatoidea. Waɗannan a ganina sun fi kowa alheri ga manomi don tsutsar ba ta ko kai ga cin loma ɗaya.

Abin tsoron ba su ba ne ƙanena, feshi ne. Bana na tsaya a bakin wata gona inda anka rataya buhu kwana tara da sunka wuce, daidai lokacin da 'ya'yan ke fitowa, na iske wani yaro da pompi a baya ba takalmi ba abin rufe hanci yana feshin wani magani da anka sayo a kasuwa cikin gorar lemo ba ko takarda a jiki. Raina ya ɓaci ƙwarai har na kasa magana. Murzuna tana cikin zangarniya a ɓoye maganin da ƙyar yake isa gare ta, shi kuwa zanzaro a fili yake yawo, jikinsa milimita biyu, shi zai fara mutuwa, kuma ba na gonar nan kaɗai ba har na maƙwabta don kilomitoci suke yi. Ku matasa ku ke riƙe da pompi, don Allah in gari ya karɓi buhu ku zauna da mai gari a yi magana guda, ba feshi a gonakin hatsi har a yi girbi. A rataya buhun a inuwa inda ruwan sama ba zai jiƙa shi ba kuma tururuwa ba za ta hau ba, kuma a nemi malamin gona tun hatsi na ciki kafin ya fidda kai, kar a jira sai an ga gari-gari na zuba daga zangarniya.